Koren Rubutun Injiniya Tasi'u

Wani mutum ne a Kano ana ce masa Injiniya Tasi'u. Injiniyan ma shi ya raɗa wa kansa, amma da yake ya fi kowa yawan faɗa, sai sunan ya bi shi. Idan kana neman mai cika baki ka haɗu da Tasi'u, to koma gida ka huta, ka gama nema. Wayoyi uku gare shi, kullum a jere a kan tebur kamar na sayarwa. A wuyansa akwai wani kati mai igiya da aka ba shi a wani taro a Abuja, taron da bai tarar da komai a cikinsa ba sai rabon abinci, amma har gidan suna da katin yake zuwa. In tsautsayi ya sa ka ce masa, "Injiniya, ya aiki?" to ka jawo wa kanka. Sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Aiki ai tsorona yake ji. Ni kwamfuta ko a bangon duniya take, in ta ji na zauna sai ta shiga hankalinta."

A wani kamfani yake aiki a titin gidan Zu, na wata mata Hajiya Ladidi, mai yawan fara'a amma ba a kawo mata wasa a aiki. Manhaja suke yi wa masu manyan shagunan magani, wadda ke lura da abin da ya shigo da abin da ya fita da wanda ya kusa lalacewa. To ita manhajar nan ba a kwamfutar shago take zama ba, a gajimare take zama. Kada ka ɗaga kai sama, ba na ruwa ake nufi ba. Wasu manyan kamfanoni ne a ƙasashen waje suka cika ɗakuna maƙil da kwamfutoci suna ba da hayarsu ta intanet, kana nan Kano kana aiki da su ba ka taɓa ganin ko ƙurarsu ba.

Kwamfutar haya kuwa fanko ake ba ka ita. Don kada a riƙa shan wahalar shirya kowace ɗaya da hannu, sai a haɗa kwafi guda cikakke, da tsarin da ke tafiyar da kwamfutar da manhajar da duk tarkacensu. 'Yan sana'ar suna ce masa imej. Daga shi ake buga sauran, kamar mai buga bulo da mazubi ɗaya. Shi kuma imej ɗin, wani dogon rubutun umarni ne yake haɗa shi, ana ce masa sikirif: ɗauko wannan, zuba wancan, rufe, aika.

Sikirif ɗin kamfanin tsohon shugaban sashe ne ya rubuta shi, kuma gajimare ɗaya tak ya sani. Mutumin ya samu aiki a waje ya tafi, ya bar ofishinsa: mai ƙofa, mai esi na sanyaya ɗaki, mai kujerar nan da ke juyawa. Sauran ma'aikata kuwa a babban falo suke, fanka ɗaya tana raba musu zafi daidai wa daida. Tun ranar da aka rufe ofishin nan, Tasi'u bai ƙara wucewa ta ƙofar ba sai ya ɗan shafa mariƙinta.

Ana nan sai ga babban ciniki. Wani attajiri mai shagunan magani, Alhaji Ɗanjummai, ya haɗa kasuwanci da abokai biyu, ɗaya a Legas ɗaya a Maraɗi. Kowannensu da gajimaren da ya riga ya kama haya, kuma ba mai niyyar tashi. Gajimare uku ke nan, imej kuma na ɗaya kawai ake da shi.

Hajiya ta tara ma'aikata ta ce, "Duk wanda ya gyara mana sikirif ɗin nan ya hau dukkan ukun, ofishin can nasa ne, da kujerar da muƙamin."

Wata injiniya mai suna Murjanatu ta ce, "Hajiya, aikin zai yiwu, amma fa sai an yi haƙuri. Kowane gajimare da halinsa. Wannan yana son faifan a wani tsari, wancan ba ya karɓarsa a haka. Ɗaya sai ka sa masa ɗan aikensa a cikin imej ɗin, in ba haka ba kwamfutar za ta tashi amma ba za ta buɗe maka ƙofa ba. Ko sunan hanyar sadarwa ma kowa da yadda yake kiran tasa. Ni dai ina ganin sai ya ci wata guda, in mun haɗu mun yi."

Tasi'u ya kwashe da dariya har da buga tebur.

"Wata guda? Murjanatu, gini za mu yi? Hajiya, ranki ya daɗe, ki ba ni zuwa Juma'a. Sikirif ɗaya zan yi miki. Ki rubuta masa sunan kowane gajimare a duniya, ya hau. Ko na aljanu ne."

Abokinsa Mansir, wanda teburinsu ke jere, ya taɓa shi ta ƙasa ya raɗa masa, "Mutumina, rage wuta."

"Wace wuta? Ai ban ma kunna ba."

Hajiya ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "To, Allah ya kai mu Juma'ar. Zan gayyato Alhaji ya gani da idonsa."

Daga wajen taron nan Tasi'u bai zarce teburinsa ba. Wajen mai rubuta allo ya nufa, ya ba da aikin ɗan allon ƙofa mai ruwan zinare: INJINIYA TASI'U, SHUGABAN SASHE. Sai da ya tabbatar an gane masa girman harufan, sannan ya dawo ya buɗe laftof.

Gajimaren farko ya hau sumul, don dama shi sikirif ɗin ya saba. Tasi'u ya juya ya kalli falon kamar wanda ya ci ƙwallo. Sai ya kwafi sikirif ɗin, ya goge sunan na farko ya rubuta na biyu, ya danna.

Ja.

Rubutu ja ya cika allon fal, layi yana bin layi, rututu. Ya rufe laftof ɗin gaf, ya waiga ko wani ya gani. Ya sake buɗewa a hankali. Jan yana nan yana jiransa. Ya gwada na uku. Wannan ma bai tsaya yi masa bayani ba: imej ya tafi, kwamfutar ta ƙi tashi, allo ya yi baƙi ƙirin, shiru kamar an yi mutuwa.

Ya gyara nan, can ya ɓalle. Ya gyara can, nan ya dawo. Ya sa ɗan aiken gajimare na biyu, sai na farko da yake lafiya ya fara tari. Kafin tsakiyar mako Injiniya ya rame a tsaye, har katin wuyansa ya yi masa nauyi.

Mansir ya leƙo ya ce, "Oga, na ga kamar ja a allonka."

"Ja? Adon allon ne."

"Ka bari mu zauna da Murjanatu mu duba. Ta fara karanta ƙa'idojin na biyun, ta ce..."

"Mansir, ka taɓa ganin likita ya je wajen majinyaci neman allura? Je ka sha shayinka."

Mansir ya ɗaga kafaɗa ya tafi.

To a nan ne Shaiɗan ya ja kujera ya zauna kusa da Tasi'u. Injiniya ya zuba wa jan rubutun ido, sai ya ce a ransa: wai shin mene ne ainihin matsalata? Gajimare? A'a. Hajiya ba ta ganin gajimare. Alhaji ba ya ganin gajimare. Abin da za su gani allo ne. Matsalata jan nan ce.

Sai ya naɗe hannun riga. Ya bi sikirif ɗin layi-layi, kowane layi ya liƙa masa 'yar wutsiya mai cewa, ko an yi ko ba a yi ba, a wuce gaba. Duk wani ƙorafi da kwamfutar za ta yi ya karkatar da shi zuwa wani rami da ke cikinta wanda ba ya cika, ba a kuma dawowa daga cikinsa. A madadinsa ya rubuta saƙonni masu daɗi, kore shar: Ana haɗawa. Ana aikawa. An yi nasara. Ya sa masa ɗan layin nan mai tafiya a hankali yana cika. Ya ga abin yana gamawa da sauri fiye da kima, sai ya sa shi ya riƙa ɗan tsayawa yana nishi a tsakiya, kamar ɗan dako a kan gada. Daga ƙarshe ya ɗora masa kirari, don aiki irin wannan bai kamata ya tafi ba sa hannu ba.

Ya gwada. Kore. Ya sake. Kore. Kai, har ya ji ƙwalla ta taru masa don kyan abin.

Dabarar kuwa mai sauƙi ce. Ranar Juma'a a ga kore, a ba shi ofis. Ranar Litinin ya zauna a kujera mai juyawa, ya kira Murjanatu da Mansir ya ce, "Akwai 'yan ƙananan gyare-gyare, ku je ku ƙarasa, ina da taro." Ai dama shugaba ba ya aiki, dubawa yake yi.

Juma'a da hantsi aka shirya ɗakin taro. Aka jona laftof ɗin Tasi'u da babban talabijin na bango. Shi kuwa ya sha shadda fara ƙal, sai ƙara take, hula ta zauna a goshi, turare kamar an fasa kwalba. Ɗan allon ƙofar yana cikin jakarsa a naɗe da jarida.

Alhaji Ɗanjummai ya shigo, dattijo mai ƙiba da barkwanci, waya a hannu yana tsaki.

"Hajiya, kafin mu gaisa, ina soket? Wayar nan ta mutu tun a Kurna."

Hajiya tana ba da umarnin kawo lemo, ta ce, "Duba bayan kujerarka, Alhaji." Kowa yana ta gaishe-gaishe da jan kujeru. Alhaji ya sunkuya ya ga soket ɗaya ne, kuma an riga an cusa masa wata baƙar wayar wuta. Bai tsaya tambayar ta wace ce ba. Ya zare ta, ya soka cajarsa, ya gyara babbar riga ya zauna.

"To, bismilla. Ina gwanin?"

Tasi'u ya miƙe. Ya ɗauki wayoyinsa uku ɗaya bayan ɗaya ya kashe a gaban kowa, ya jera su.

"Ranka ya daɗe, dole in kashe. In ba haka ba Turawan nan ba za su bar mu mu yi magana ba. Kullum Injiniya zo, Injiniya taimaka."

"Ikon Allah," in ji Alhaji.

Tasi'u ya rubuta sunan gajimaren farko, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ya danna da ɗan yatsa ɗaya, ya juya wa allon baya. Ko kallonsa bai yi ba. Kore ya fara zuba. Ɗan layi ya tafi, ya tsaya ya yi nishi, ya cika. Sai ga manyan harufa:

AN YI NASARA. IMEJ YA HAU. KWAMFUTOCI SUN TASHI LAFIYA. AIKIN INJINIYA TASI'U NE, SARKIN GAJIMARE.

Alhaji ya tafa. "Kai! Har da kirari?"

"Ita ta ga dama ta yi, ranka ya daɗe. Ni ban hana ta ba."

Na biyu, kore. Na uku, wanda ya yi kwanaki yana ba shi baƙin allo, kore shar kamar gonar alayyahu. Mansir ya saki baki. Murjanatu ta haɗe gira ta ce, "Malam Tasi'u, ko za mu shiga ɗaya daga cikin na ukun mu ga yadda ta tashi?"

"Haba Murjanatu. Bulo ma in an buga ai sai ya sha iska. Sabon imej ba a taɓa shi da zafinsa. Wannan sai an daɗe a harkar ake sani."

Hajiya ta sa hannu a jaka, aka ji ƙarar makullai. Tasi'u ya kasa kunne. Har ya fara jin sanyin esi a ƙeyarsa.

Alhaji ya juya ya ciro wayarsa daga caji ya kunna.

"Ma sha Allah, har ta yi rabi. Bari in ɗauki allon nan in tura wa mutumin Legas, ya san mu ma a Kano ba barci muke ba. Yaro, sa mini wayfai ɗinku, datata ta ƙare."

Mansir ya karɓi wayar ya duba. Ya sake dubawa. Ya ciro tasa ya duba.

"Hajiya, babu wayfai."

"Kamar yaya babu?"

Mansir ya ɗaga kai ya kalli ɗan akwatin intanet ɗin ofis da ke kan kanta, wanda kullum fitilunsa ke ƙiftawa. Ɗif. Ko ɗaya ba ta ci. Ya bi wayar wutar akwatin da hannu, ya bi, ya bi, har bayan kujerar Alhaji. Sai ya ɗago da kan wayar yana lilo a hannunsa.

Alhaji ya ce, "Af! Wannan ce? Ai ni na cire."

"Tun yaushe, Alhaji?" in ji Hajiya.

"Tun da na shigo mana. Ba ga shi wayata har ta yi rabi ba?"

Mansir ya ɗora tafin hannu a kan akwatin. "Ya yi sanyi ƙalau."

Fankar falo kaɗai ake ji daga nesa, ƙiiƙi-ƙiiƙi. Kowa ya juya ya kalli talabijin, inda koren rubutu yake nan baro-baro yana shelar cewa kwamfutoci sun tashi lafiya a ƙasashen waje. Sannan kowa ya juyo ya kalli Tasi'u.

Gumi ya karyo masa tun daga ƙarƙashin hula.

"E to... ai ba da na ofis nake aiki ba. Da intanet ɗin wayata na jona."

Hajiya ta nuna tebur da haɓa. Wayoyi uku a jere, baƙi ƙirin, kamar gawarwaki.

"Wace daga ciki?"

Tasi'u ya gyara hula ya ce, "Wato, Hajiya, abin da ba ku gane ba, wannan sabuwar fasaha ce. Sikirif ɗin yana da... yana da hanyarsa. Ba lallai sai da intanet ba."

Alhaji ya zaburo, ido ya yi haske. "Tsaya, Injiniya! Kana nufin yana zuwa har ƙasar Turawa ba intanet? To ni me nake yi da masu data duk wata? Hajiya, wannan yaron ai ba ofis ya kamata a ba shi ba, a kai shi gidan tarihi!"

Mansir ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Hajiya ta miƙe a hankali ta zagayo. "Injiniya, ba ka ce in rubuta masa sunan kowane gajimare a duniya ya hau ba?"

"Na... na faɗa, amma yanzu ya gaji, ya kamata ya ɗan..."

"Matsa."

Ya matsa. Ta zauna a gaban laftof ɗin, ta gyara tabarau. "Alhaji, ba ni suna."

"Wane iri?"

"Kowane iri. Abin da ya zo bakinka."

Alhaji ya shafa ciki, don hantsi ya yi kuma bai karya da kyau ba. Ya ce, "Tukunyar tuwon gidana."

Hajiya ta rubuta da yatsa biyu, ta danna.

Tasi'u ya rufe ido yana addu'ar da bai taɓa yi ba tunda ya fara aiki: Allah ka kawo ja. Allah ka ɗauke wuta. Allah ka sa talabijin ɗin nan ya faɗo.

Ina! Aikin Injiniya ba ya faɗuwa. Kore ya fara zuba. Ana haɗawa da Tukunyar Tuwon Gidana. Ana aikawa zuwa Tukunyar Tuwon Gidana. Ɗan layi ya tafi, ya tsaya a tsakiya ya yi nishinsa, ya cika.

AN YI NASARA. IMEJ YA HAU TUKUNYAR TUWON GIDANA. KWAMFUTOCI SUN TASHI LAFIYA. AIKIN INJINIYA TASI'U NE, SARKIN GAJIMARE.

Mansir ya zube ƙasa warwas yana riƙe da ciki. Murjanatu ta cusa fuska a mayafi. Alhaji kuwa dariya ta sarƙe shi har sai da aka miƙa masa ruwa. Da ya samu numfashi sai ya karɓi wayarsa ya danna ya kara a kunne.

"Salamu alaikum, Hajiya Ƙarama? Kada a ɗora tuwon rana tukuna. E. A fara leƙa tukunyar, an ce akwai kwamfutoci a ciki. A kwashe su a hankali, sababbi ne, ba a taɓa su da zafi."

Tasi'u ya lalubi jakarsa zai sulale. Garin sauri jakar ta kife, ɗan allon ya zame daga cikin jarida ya faɗi ƙasa, ƙwal, fuskarsa a sama, ruwan zinare yana walƙiya. Alhaji ya sunkuya ya karanta da ƙarfi, harafi-harafi, har da jinjina kai.

Hajiya ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri ka ba mu watan nan. Murjanatu da Mansir za su yi aikin yadda ake yi. Injiniya zai zauna kusa da su, duk jan da ya fito shi zai riƙa karanta musu da babbar murya."

"Na ba ku. Wallahi ko don dariyar nan."

Ta ciro makullin ofishin ta miƙa wa Mansir. "Kafin a gama a san mai shi, ɗauki akwatin intanet ɗin nan ka kai shi ciki. Ka ɗora shi a kan kujerar, ka kunna masa esi, ka kulle, kada wani ya sake cire shi."

Tasi'u ya bi akwatin da kallo ana wucewa da shi, wayar akwatin tana jan ƙasa. Bakin nan dai bai mutu duka ba. Da 'yar siririyar murya ya ce, "Haba Hajiya. Akwati? Akwati za a ba ofis ina tsaye?"

Hajiya ta cire tabarau ta dube shi sama da ƙasa.

"Shi in ba ya aiki, kashe fitilarsa yake yi."